Taransifomar Awo da Mutanen Ƙarshen Layi: Nazari Daga Jabba Zuwa Dungas

Ranar Asabar, 19 ga Oktoba 2024, da misalin ƙarfe 8:15 na safe, wata na'ura ta fashe a tashar dakon wutar lantarki ta Jabba mai ƙarfin kilobolt 330. Cikin kayan tasha irin wannan ba ta cikin manya. Taransifomar awo ce, wadda injiniyoyin Najeriya ke kira CT, na Nijar kuma TC, aikinta ta sanar da yawan wutar da ke gudana cikin waya. Da ta fashe, na'urorin kariya suka ɓalle sandunan da layukan tashar ke haɗuwa a kansu don kada gobara ta yaɗu, injinan samar da wuta suka rasa inda za su tura abin da suke samarwa, suka dinga tsayawa ɗaya bayan ɗaya, wuta ta ɗauke a mafi yawan Najeriya. Karo na uku ke nan cikin mako guda da babban layin ƙasar ya samu matsala. Hukumar kula da harkar lantarki ta Najeriya, NERC, ta ce fashewar ce mafarin abin. Kamfanin dakon wuta, TCN, ya ce ma'aikatansa sun ware na'urar da ta lalace, sun sake tsara haɗin sandunan, sannan suka mayar da wuta tashar.

Wannan nazari zai dubi na'urar ne daga wajen wanda ke zaune a ƙarshen layi, a gari irin Dungas da ke jihar Damagaram. Idan irinta ta lalace a ɗaya daga tashoshin da ke ciyar da yankin, me ke yanke tsawon duhun da zai biyo baya? A ganina, cire tsohuwa da ɗora sabuwa shi ne mafi ƙanƙantar al'amarin. Kwanakin da jama'a za su yi ba wuta an riga an rubuta su tun shekaru kafin fashewar, a cikin rajistar gwaji da cikin sito.

Hanyar da wutar ke bi

Nijar ba ta da layi guda da ya haɗe ƙasar baki ɗaya. Kamfanin NIGELEC, wanda aka kafa a 1968, yana tafiyar da yankuna ne da kowanne ke cin gashin kansa. Yankin kogi, wato Yamai da Doso da Tilaberi, yana shan wuta ta layin kilobolt 132 da ya taso daga Birnin Kebbi tun 1976. Agadas da Arlit sun dogara da kwal ɗin kamfanin SONICHAR. Jihohin Damagaram da Maraɗi da Tawa kuwa suna rataye da layin kilobolt 132 daga Katsina zuwa Gazawa, wanda ya fara aiki a 1994. A Gazawa layin ya rabu, reshe ya yi yamma zuwa Maraɗi, reshe ya yi gabas zuwa Damagaram, daga nan a sauke ƙarfin wutar a tura ta kan layuka matsakaita zuwa garuruwan da aka haɗa.

In aka bi wayar ta baya, Katsina tana karɓa daga Kumbotso a Kano ta hanyar Kankiya, Kumbotso daga Mando a Kaduna, Mando daga Shiroro da Jos, Shiroro kuma tana haɗe da Jabba. A kowace tasha, kowace ƙofar layi tana da taransifomar awo uku, ɗaya a kan kowace waya. Wato kafin wutar da Nijar ta saya ta isa kudancin Damagaram, ta ratsa irin wannan na'ura gommai, wasu a hannun TCN, wasu a hannun NIGELEC, kuma ko guda ɗaya ta isa ta katse tafiyar.

Gundumar Dungas an ɓalle ta daga Magarya a 2011, ta ƙunshi Dungas da Dogo-Dogo da Guci da Malawa. Ƙidayar 2012 ta nuna tana da mutum sama da dubu 350, Magarya kuma sama da dubu 570. Wannan yanki na daga cikin mafiya cunkoso a Nijar. Maigatari ta jihar Jigawa ta fi Damagaram kusa da Dungas nesa ba kusa ba, amma shanu da hatsi ne ke bin wannan gajerar hanya. Babban layin wuta sai ya zagaya ta Katsina da Gazawa. A faɗin Nijar kusan mutum ɗaya cikin biyar ne ke da lantarki a gida, a karkara abin ya yi ƙasa da haka sosai. Kada wannan ya sa a ɗauka ɗaukewar wuta ba ta shafi sauran ba. Wanda ba shi da ƙwan lantarki a ɗakinsa yana kai niƙa, yana kai garmar shanu wajen mai walda, yana sayen ƙanƙara da azumi, yana shan ruwan da famfo ya turo, kuma in ɗansa ya kwanta a sashen yara na asibitin Magarya, inda ƙungiyar likitoci ta MSF ke aiki tun 2005, na'urar ba da iskar numfashi wuta take ci. In ta ɗauke sai janareta, janareta kuwa gas yake sha.

Abin da na'urar ke yi

Babu mitar da za a iya liƙa wa waya mai kilobolt 132 kai tsaye. Saboda haka ake sa babbar wayar ta ratsa ta cikin zoben ƙarfe wanda aka naɗe da siririyar wayar jan ƙarfe sau ɗaruruwa. Wutar da ke bin babbar waya tana haifar da maganaɗisu a zoben, shi kuma ya haifar da ƴar ƙaramar wuta a siririyar wayar, daidai gwargwado. Idan an rubuta 200/1 a jikin na'urar, amfiya 200 a babban layi za ta fito amfiya 1 a ƙaramin naɗi. Ita wannan ƙaramar wuta ake ja da kebul zuwa ɗakin sarrafawa. A ce layi yana ɗauke da megawat 40: abin da ke bin kowace waya bai wuce amfiya 195 ba, mita kuma ƙasa da amfiya ɗaya kaɗan take gani, ta ninka.

Tsayin na'urar da girmanta duk na raba wutar sama da ƙasa ne. Ana naɗe wayar da takarda ta musamman, a busar da ita ƙaƙas, a jiƙa ta da mai, a rufe cikin dogon tulun tangaran ko na roba mai tauri. Iri biyu aka fi gani: mai zobba a tanki a ƙasa, wadda babbar waya ke sauka ta lanƙwaso ta koma sama, da mai zobba a kai, wadda nauyinta ke sama.

Zobban nan ba ɗaya ba ne, kuma a nan ne kuskuren mai sauyawa ke fara shiga. Cikin na'ura guda akan sami uku zuwa biyar, kowanne da ubangidansa. Na mita ana son sa da daidaito a lokacin da komai ke tafiya lafiya: ajin 0.2 na nufin kuskurensa bai wuce kashi 0.2 cikin ɗari ba a cikakken lodi. Da gangan ake ƙera shi ya ƙoshi da maganaɗisu da wuri, don in wuta ta yi tsalle kada ta ƙona mitar. Na kariya akasin haka ne. Shi ke ciyar da rile, na'urar da ke ba bireka umarnin katse layi idan waya ta faɗi ƙasa ko biyu sun haɗu. Ajin 5P20 na nufin ko wutar ta ninka sau 20, kuskurensa ba zai wuce kashi 5 cikin ɗari ba, muddin ba a ɗora masa nauyin da ya fi ƙarfinsa ba. Idan aka musanya su, aka kai zoben mita ga rile, komai zai yi kama da lafiya har ranar da matsala ta auku. A ranar zoben zai ƙoshi, rile ya ga ƙasa da abin da ke faruwa, ya yi jinkiri, sai tashar da ke baya ta katse yanki duka a madadinsa.

Akwai doka ɗaya da ake koya wa kowane ɗan koyo tun makon farko: ba a barin ƙaramin naɗi a buɗe alhali babban layi yana ɗauke da wuta. In aka cire waya ɗaya daga mita ba a gajarce ta ba, ƙarfin wuta a bakin wayoyin kan iya tashi zuwa dubban bolt. Ya isa ya kashe mutum, ya isa ya ƙona na'urar daga ciki.

Yadda take mutuwa

Taransifomar awo ba ta da abin da ke juyawa, ba ta ƙara, ba ta neman a ƙara mata komai, shi ya sa ake mantawa da ita. Mafi yawan mutuwarta daga takardar nan da mai take farawa. Da rana man yana kumbura, da dare ya koma. Akwai zugazugin ƙarfe ko fatar roba a kai da ke ba shi wurin motsi ba tare da iska ta shiga ba. Idan robar toshiya ta tsufa ta tsage, sai na'urar ta riƙa shaƙar iskar waje kowane dare, da damina kuma iskar nan laima ce. Takarda tana tsotse laimar ba ta saki. Jiƙaƙƙiyar takarda tana ɓarnatar da wuta ta zama zafi, zafin kuma yana ƙara yawan ɓarnar, har a kai inda abin da ake haifarwa ya fi abin da jikin ke iya fitarwa. Daga nan ƙananan tartsatsi ke fara cin takardar, su huda ta shafi bayan shafi. Ranar da hudar ta cika, wutar layi gaba ɗaya ta bi ta cikin man da ke rufaffen tulu, man ya koma iska nan take, tangaran ya tarwatse. Ɓaraguzansa kan yi tafiyar mitoci da yawa, su fasa na'urorin da ke maƙwabtaka, su ji wa duk wanda ke kusa rauni. Dalilin da ya sa kamfanoni da dama suka koma sayen masu rigar roba ke nan, don ita tsagewa take yi ba ta watsuwa.

Yanayin Damagaram yana ƙara wa wannan ciwo gudu. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa da ake ƙera waɗannan na'urori a kanta, IEC 61869, ta ɗauki digiri 40 a matsayin iyakar zafin iska na yau da kullum, kuma matsakaicin yini da dare kada ya wuce 35. A watan Afrilu da Mayu zafin inuwa a wannan yanki yana wuce 40 kwana da kwanaki, balle kan ƙarfen da rana ke duka tun hantsi. Kuma a daidai lokacin ne ake ɗora wa layi lodi mafi yawa, kowa ya kunna fanka da firij. Duk wanda ya yi odar na'ura bai rubuta zafin wurin a takardar oda ba, an aiko masa da wadda aka yi wa lissafin wata ƙasa. Ga kuma ƙurar hunturu. Tana kwanciya a kan fikafikan tangaran wata da watanni ba ta yin komai, sai yayyafin farko ya jiƙa ta ba tare da ya wanke ba, ta zama hanyar da wuta ke bi ta waje. Maganinta tsawon hanyar da ke bin fikafikan daga sama zuwa ƙasa: a wuri mai tsananin datti ana lissafa milimita 31 ga kowane kilobolt, wato kusan mita huɗu da rabi ga na'urar da aka ƙera don kilobolt 145, wadda ita ake sawa a layin 132.

Abin lura shi ne ciwon yana ba da alama. Man da aka ɗiba aka kai ɗakin gwaji yana nuna yawan ruwan da ke cikinsa da iskokin da suka narke a ciki. Haidurojin in ya yi yawa, ƙananan tartsatsi sun fara. In aka ga asitilin, iskar nan da masu walda ke samu daga kabaid, to akwai wuta mai tsanani da ta riga ta tashi a ciki, kuma irin wannan na'ura ba a jira da ita. Akwai gwajin da ke auna yawan wutar da takardar ke ɓarnatarwa, akwai kyamarar da ke nuna inda ya fi zafi, akwai kuma mafi araha duka: mutum ya zaga da ido ya duba gilashin matakin mai da ɗigon da ke gindin ƙarfe. Sai dai sakamakon gwaji guda ba ya faɗin komai sosai. Amfaninsa yana fitowa ne idan aka jera shi da na bara da na bariya, da na ƴan uwanta biyu da ke gefe.

Gwaji ba tare da mataki ba kuwa bai hana komai. Gobarar da ta tashi a tashar North Hyde a daren 20 ga Maris 2025, wadda ta rufe filin jirgin saman Heathrow na Landan kusan yini guda, binciken hukuma ya gano laima ce ta shiga bututun shigar wuta na wata babbar taransifoma, mai irin wannan rufi na takarda da mai. An ga alamar laimar a samfurin man tun Yulin 2018, ba a yi gyaran ba. Wannan a Ingila ke nan, inda ba a rasa kuɗi ko ɗakin gwaji ba.

Ranar sauyawa

Aikin yana farawa da takarda. Cibiyar da ke kula da layi ta ba da izini, a buɗe bireka, a buɗe wuƙaƙen raba layi na gaba da na baya, a sa musu kwaɗo, a tabbatar wannan ƙofar ce ba ta kusa da ita ba, a gwada a ga babu wuta, sannan a ɗaure wayoyin da ƙasa ta ɓangare biyu. Ɗaurin ƙasan ba al'ada ba ce kawai: layin da ke gefe yana da rai, kuma yana iya cusa wa mataccen layi wutar da za ta kayar da mutum daga kan tsani. Sai shugaban aiki ya karɓi takardar shaida a hannunsa kafin wani ya taɓa sifana.

Mataki na gaba ba a filin tasha yake ba, a ɗakin sarrafawa yake, kuma shi ne wanda in an yi sake ake jefa gari duhu da hannu. Ɗaya daga zobban na'urar yakan shiga lissafin kariyar sandunan tasha, inda rile ke tara wutar da ta shigo da wadda ta fita ta kowace ƙofa, in bai ga sun yi daidai ba ya katse duka. Dole a fitar da wannan ƙofa daga lissafin kafin a kwance waya ko a cusa wutar gwaji. Kowace waya a yi mata lamba, a ɗauki hoton akwatin kafin a taɓa shi, domin zanen da ke cikin fayil sau da yawa ya girmi gyare-gyaren da aka yi bayansa.

Sannan motar ƙugiya. Ana ɗaga na'urar ta kunnuwan da aka yi mata don haka, ba ta wuyan tangaran ko bakin waya ba, direban kuma idonsa na kan wayoyi masu rai da ke sama. Idan fashewa ta yi, sai an bi duk abin da ke kewaye an duba: tsagewar da ba ta kai gashi kauri ba a jikin bireka ko maƙwabciyar na'ura ita ce fashewar wata mai zuwa. Man da ya zube a kwashe shi da ƙasar da ya jiƙa. Tsofaffin na'urori wasunsu na ɗauke da sinadarin PCB mai guba, wanda yarjejeniyar Stockholm ta 2001 ta sa a daina amfani da shi a irin waɗannan kaya zuwa 2025; irin wannan mai bai kamata ya fita ƙofar tasha a jarkar kowa ba.

Sabuwar, in a kwance ta yi tafiya, sai an tsayar da ita an bar ta ta huta, galibi yini da kwana ko abin da maƙerinta ya rubuta, don kumfar iskar da ta shiga man ta taso. Wannan jira yana da wuya a lokacin da gwamna ke bugo waya, amma kumfa ɗaya a cikin takarda ita ce mafarin tartsatsin da aka bayyana a sama. Bayan an ɗaure ta, an haɗa gindinta da ƙasa, an sa mahaɗin da ya dace inda alminiyam ya gamu da jan ƙarfe, sai gwaje-gwaje: ƙarfin rufi, rabon kowane zobe, inda kowanne ke ƙoshi, da fuskar da ta kalla. Bakunan suna da suna, P1 da P2 a sama, S1 da S2 a ƙasa. In aka juya su, mita za ta nuna wuta na komawa inda ta fito, rile kuma ya ɗauki lafiyayyen lodi a matsayin matsala. Ƙaramin naɗi a haɗa shi da ƙasa a wuri ɗaya tak, zoben da ba a amfani da shi a gajarce shi. Daga ƙarshe a cusa wuta ta babbar wayar a bi ta har fuskar rile da mita a ga ta iso yadda ake zato, a kunna layi ba lodi, a saurara, a ɗora lodi, a sake aunawa. Ƙwararrun ma'aikata da kayan aiki a hannu suna gama wannan duka cikin kwana ɗaya zuwa biyu.

Wadda ta shiga gurbi da wadda ta dace

Idan gari na cikin duhu, jarabar ita ce a ɗauko duk wadda ƙafafunta suka hau kan ginshiƙin. Sau da yawa babu zaɓi, kuma ba laifi ba ne, in dai an san abin da aka canza. A ce an cire 200/1 an sa 400/1: in ba a gyara lissafin mita da saitin rile ba, dukansu rabin gaskiya za su gani. A ce an cire mai fitar da amfiya 1 an sa mai fitar da 5: kebul ɗin da ke cin nauyi ɗaya a da yanzu zai ci ninki 25, zoben ya ƙoshi tun ba a je ko'ina ba. A ce kuma biyu tsofaffi ne ɗaya sabuwa mai wani hali dabam: a ranar babbar matsala ba za su ƙoshi tare ba, bambancinsu ya sa rile ya katse abin da ba shi da laifi.

A kan layin da ya ratsa iyaka, maganar ta zama ta kuɗi. Mai sayen gero a kasuwar Dungas ya san in tiyar mai awo ta gaza da ɗan yatsa, a tiya ɗaya ba a gani, a buhu ɗari kuwa an yi asarar buhu. Layin da ke ɗauke da megawat 40 dare da rana zai wuce da megawat-awa 350,400 a shekara. Kuskuren kashi 0.5 cikin ɗari a kan wannan ya kai 1,752. Na kashi 0.2 bai wuce 701 ba. Bambancin sama da megawat-awa dubu ne, wani ya biya bai sha ba ko ya sha bai biya ba, shekara bayan shekara, ba tare da kowa ya yi niyyar cuta ba.

Akwai wani abu da shekarun nan suka fito da shi wanda ba a cika magana a kansa ba. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, Najeriya ta katse wa Nijar wuta a farkon Agusta, a lokacin da kusan kashi 70 cikin ɗari na wutar ƙasar daga can take zuwa. Ba ta dawo ba sai Maris 2024, bayan ƙungiyar ECOWAS ta ɗage takunkumi. A tsawon watannin nan yankin tsakiya da gabas ya rayu ne da abin da ke gida: injinan Damagaram da Malbaza, wutar matatar mai ta SORAZ da ta fara aiki a 2011, da tashar hasken rana mai megawat 7 da aka buɗe a Malbaza a 2018. Layin da aka tsara wuta ta riƙa gangarowa daga kudu sai ga shi yana ɗaukar kaɗan, wani lokaci ta wata fuskar. Ƙananan injina kuma ba sa iya turo wuta mai yawa a lokacin matsala kamar yadda babban layin Najeriya ke yi. Na'urar da aka zaɓa da babban rabo don wancan yanayi, a wannan yanayin tana aiki ne a can ƙasan ma'auninta, inda kuskurenta ya fi yawa, rile kuma yana iya kasa bambance matsala da lodi. Saboda haka mai yin odar sabuwar taransifomar awo a wannan yanki yau, kwafe lambobin da ke jikin tsohuwar bai isa ba. Ya kamata ya nemi mai rabo fiye da ɗaya da ake iya sauyawa a akwati, zoben mitarta kuma ajin 0.2S, wanda aka tabbatar da daidaitonsa har zuwa kashi 1 cikin ɗari na cikakken lodi.

Inda kwanakin ke tafiya

Jabba ta dawo da wuri ne saboda tana da sanduna fiye da ɗaya da layuka da yawa. An zagaye na'urar da ta lalace, sauyinta ya jira lokacinsa. Kwana biyu bayan haka aka ga ɗaya fuskar. Layukan Shiroro zuwa Kaduna sun riga sun lalace a hannun ƴan ta'adda, sai na Ugwuaji zuwa Apir, waɗanda suka rage wa arewa, suka faɗi a ranar 21 ga Oktoba, jihohin arewacin Najeriya suka yi sama da mako guda cikin duhu. Daga Katsina zuwa Gazawa, daga Gazawa zuwa Damagaram, tsarin ya fi kama da na biyun. Inda hanya ɗaya ce, kowace na'ura a kanta tana riƙe da yankin duka, kuma lokacin gyara shi ne lokacin duhu.

Gina layi na biyu aikin shekaru ne da biliyoyin sefa. Babban layin kilobolt 330 da ake ginawa daga Birnin Kebbi zuwa Yamai da Wagadugu yamma ya nufa, madatsar Kandaji ma a can take. Abin da ke hannun masu tafiyar da tashoshin gabas a yau shi ne sito. Nijar ba ta ƙera wannan na'ura. Daga Turai ko Sin ko Indiya ake kawo ta, kuma ba a ajiye take a kanti ba, sai an yi oda ake naɗa ta bisa lambobin mai saye, abin da ke cin watanni. Da can kaya ta Kwatano suke shigowa. Tun da aka rufe iyakar Benin a 2023, sai ta Lome, a ratsa Burkina Faso cikin ayari da rakiyar soja, a iso Yamai, sannan a kama hanyar kusan kilomita 900 zuwa Damagaram, da kaya mai tangaran da ba ya son gargada. Ba a fafe gora ranar tafiya. Saiti guda na na'urori uku a ajiye a Gazawa ko Damagaram, masu rabon da ake sauyawa don su dace da ƙofa fiye da ɗaya, kuɗinsu bai kai na gas ɗin da janaretocin yanki za su ƙona a ƴan kwanakin duhu ba. Ita ma ajiyar tana da ƙa'ida: a tsaye, a inuwa, bakuna a rufe, ana gwada ta kamar wadda ke kan aiki. Na'urar da ta shekara goma a kwance cikin ciyawa a bayan tasha suna kawai take da shi a littafin sito.

Sai abin da ake yi da gawar. Al'adar da aka saba ita ce a ture ta gefe a manta. Kamata ya yi a yanka ta a ga inda hudar ta fara, a ɗebi man ƴan uwanta biyu, a kuma binciko duk waɗanda aka sayo tare da ita a oda ɗaya, domin shekarunsu ɗaya, robarsu ɗaya, rana ɗaya ta dake su. Wannan ba ya yiwuwa sai akwai rajistar da ta nuna wace na'ura ke wace ƙofa, wa ya ƙera ta, a wace shekara.

Hanya mafi kusa kuwa ita ce wadda siyasa ta fi wahalarwa. Tashar Katsina da ta Gazawa ƙarfinsu ɗaya, kayan kilobolt 145 suke amfani da su dukansu, kuma tsakaninsu bai kai kilomita 100 ba. TCN da NIGELEC duk mambobi ne na ƙungiyar haɗakar wutar lantarki ta Afirka ta Yamma, WAPP, wadda ECOWAS ta kafa a 1999. Yarjejeniyar aron kayan gyara tsakanin kamfanonin biyu, a ɗauka yau a mayar idan oda ta iso, za ta mai da jiran watanni ya koma tafiyar yini ɗaya a mota. Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025, amma layin Katsina zuwa Gazawa yana nan a tsaye, kuma masu kula da shi a ɓangarorin biyu dole suna magana da juna duk lokacin da za a kashe shi ko a kunna. Abin da ya rage shi ne jerin kayan da kowane ɓangare ke da su a sito, da takardar da za ta ba jami'in kwastan damar barin motar ta wuce.